Daga Rabin Wata zuwa Matiris: Nazarin Aikin Gida Uku na Lissafi da Fizik a Mahallin Tamaske

Tsakure

Maƙalar ta warware tambayoyi uku irin na shekarar farko a tsangayar kimiyya, ɗaya daga kalkulas, ɗaya daga fizik, ɗaya daga aljabarar layi, dukansu an gina su kan ayyukan gona na Tamaske da kewayenta. Abin da take son nunawa shi ne, ɗalibi ya fi yin tuntuɓe a gaɓar mayar da zance zuwa daidaiton lissafi, kuma sanin da ya taso da shi a gona ma'auni ne na gane amsar da ta kauce.

Gabatarwa

Ɗan Tamaske da ya ci jarrabawar bak ya zaɓi kimiyya, yakan nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. A can ake miƙa masa takardar atisaye da Faransanci, cike da tankuna marasa suna da ƙwallaye masu gangarowa kan allon da ba ya da kaushi. Alhali ƙasar da ya baro ɗakin gwaji ce sukutum. Tun 1984 aikin raya karkara na Keita, wanda Italiya ta ba kuɗi, FAO ta gudanar, ya shimfiɗa kunyoyin dutse da ramukan dashe da madatsun ruwa a tsaunukan Adar, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. A kwarin Majiya wajen Buza, layukan dogon yaro masu tare iska sun fara tun 1975. Abdou Moumouni da kansa, masanin fizik haifaffen Tasawa, ya yi jayayya a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka cewa a koyar da harsunan gida. Alƙaluman da ke cikin tambayoyin nan na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Tambaya ta farko: ruwan da rabin wata ke riƙewa

A ɗauka an haƙa rabin wata, ramin tara ruwan sama, mai faɗin baki mita 4, wato rabin faɗinsa mita 2. Bakinsa na kallon tudu, inda ruwa ke shigowa, zurfi a nan sifiri ne, yana ƙaruwa a hankali har ya kai mita 0.3 a tsakiyar kunya. Lita nawa zai riƙe?

Filin ramin rabin da'ira ne, murabba'in mita 6.28. Amsar da na fi cin karo da ita wajen duba takardu ita ce a ninka wannan da zurfi mafi girma, a sami kubik mita 1.88. Mai ɗan lura yakan raba zurfin biyu, ya sami 0.94. Dukansu ba su faɗa daidai ba, sai dai kuskure na biyu ya fi koyarwa.

A sa y ya zama tazara daga baki. Zurfi a wurin shi ne 0.15y, faɗin ramin kuma 2√(4 − y²). Idan aka yanka ramin siri-siri daga baki zuwa kunya, aka tara yankan ta hanyar intigiral na 0.3y√(4 − y²) daga 0 zuwa 2, da sauya u = 4 − y², ana samun 0.3 × 8/3, wato kubik mita 0.8, lita 800. Me ya cinye lita 140 ɗin da ke tsakanin wannan da amsa ta biyu? Ramin ya fi faɗi a inda ba ya da zurfi, ya kuma tsuke a inda ya zurfafa, don haka matsakaicin zurfinsa kusan mita 0.127 ne. Duk wanda ya taɓa riƙe diga a irin wannan aiki ya san ƙasar da ake kwashewa kusa da kunya ba ta kai yadda ido ke zato ba. Ɗalibin da ya iya faɗar wannan da bakinsa kafin ya ɗauki alƙalami ya riga ya san dalilin kasancewar √(4 − y²) a cikin intigiral. Wanda ya haddace dabarar sauyawa kawai, da an juya masa ramin sai ya rasa ta ina zai kama.

Tambaya ta biyu: duro mai huda

Mai lambun albasa ya cika duro mai lita 200, ya buɗe huda a gindinsa, ruwan ya ƙare cikin minti 20. Yaushe ya kai rabi? Hannu yakan yi saurin rubuta minti 10. Dokar Torricelli, wadda aka buga a 1644, ta ce gudun ruwan ya dogara da tushen murabba'in tsayinsa, wato h, saboda haka dh/dt = −k√h. Warwarewa ta nuna √h ne ke raguwa daidai wa daida da lokaci. Rabin farko yana ɗaukar kashi 1 − 1/√2 na lokacin, kusan minti 6, rabin ƙarshe minti 14. Yaron da ya yi ban-ruwa a fadamun Madawa ba ya bukatar a gaya masa cewa ruwa na fitowa da ƙarfi da fari, sannan ya koma tsiyaya.

Tambaya ta uku: taki da martabar matiris

Manomi na da taki iri biyu: 15-15-15, wanda a Nijeriya ake kira kamfa, da yuriya mai kashi 46 na naitirojin. Yana son gonarsa ta samu kilo 76 na naitirojin da kilo 30 na fosfat. Idan x nauyin kamfa ne, y na yuriya, to 0.15x + 0.46y = 76, kuma 0.15x = 30. Amsa: x = 200, y = 100, wato buhu 4 da buhu 2 masu kilo 50.

Yanzu a ƙara sharaɗi: yana son fotash kilo 20. Layi na uku ya zama 0.15x = 20, ya yi karo da na biyu. A rage layuka ta hanyar Gauss, sai a tsinci 0 = −10, inda ɗalibai da yawa ke zaton su ne suka yi kuskure, su goge su sake. Babu kuskure. Layin fosfat da na fotash iri ɗaya ne a matiris, martabarsa 2, ta matiris ɗin da aka ƙara wa ginshiƙin bukatu kuwa 3. A harshen kasuwa, fosfat da fotash buhu ɗaya suke shigowa, kafaɗa da kafaɗa, ba yadda za a samu 30 da 20 sai an sayo taki na uku.

Batun kalmomi

A nan gizo ke saƙa. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma ɗalibin Maraɗi yana cewa matiris da deribe, takwaransa na Zariya yana aro daga Ingilishi, kuma tazarar da ke tsakaninsu a wannan fanni ta fi ta kan iyaka. Kalmar martaba da na yi amfani da ita a sama zaɓina ce, kuma tana da rauni, domin tana kawo wa mai ji tunanin daraja, alhali abin da ake nufi shi ne adadin layukan da babu wanda ya dogara da ɗan'uwansa.