Ƙuri'ar Baƙo: Hausawan Jimeta Da Siyasar 'Yan Ci-gaba

Duk sa'ad da kakar zaɓe ta kama, akwai wata magana da ake yawan jifanmu da ita a rumfunan kasuwa da majalisun Limawa da Gwadabawa, wai mu Hausawan Jimeta ba mu da wata siyasa sai ta bin mai mulki, inda gwamnati ta karkata nan muke faɗawa. To, ba za mu ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma kafin a yanke mana hukunci ya kamata a waiwayi baya a ga irin matsayin da aka ajiye baƙo a ƙasar nan, da kuma yadda 'yan ci-gaban da ake so mu bi suka riƙa yi wa kansu da kansu illa.

Kowa ya san garin nan biyu ne a haɗe. Yola ta Modibbo Adama ce, tun da ya kafa ta a 1841, can ne fada da sarauta da alƙalai suke. Jimeta kuwa kogin Binuwai ne ya raya ta, jiragen ruwan kamfanin Turawa na zuwa da damina su kwashi gyaɗa da fatu, su sauke gishiri da yadi. Bayan da Turawa suka ci Yola a 1901 sai ciniki ya ƙara buɗewa, kakanninmu suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja, fatake da mahauta da maɗinka da malaman allo. An karɓe su hannu biyu, wannan ba ma musunsa. Sai dai filin da mutum zai yi gida da rumfar da zai kasa kaya duk a hannun hukumar En'e suke. Wanda kuwa abincinsa ke hannun wani, ai ba ya ɗaga murya yadda ya ga dama.

A cikin wannan hali ne labarin NEPU ya iso. An kafa ta a Kano ran 8 ga Agusta 1950, kuma Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Abin da take kira a kai ba ɓoyayye ba ne: a daina zaluntar talaka da haraji da jangali da aikin tilas, a gyara kotunan alƙalai, a ba kowa ƙuri'arsa a hannunsa maimakon zaɓen hawa-hawa, wanda sarakuna ke tace shi tun daga ƙauye har ya isa Kaduna. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki tutar tauraro zuwa garuruwan kasuwanci irin su Jos da Gusau da Nguru ƙananan 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, watau irinmu. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu. Mutum ya yi lacca ba izini, ko ya ambaci sunan sarki a bainar jama'a, sai ya tsinci kansa gaban alƙali, daga nan sai bulala ko gidan yari.

Amma Adamawa ba Kano ba ce, kuma a nan ne masu kawo mana lissafin Kano kan yi kuskure. A Kano mai mulki da wanda ake mulka yarensu ɗaya, addininsu ɗaya, don haka da an ce talaka da sarauta kowa ya gane inda layi ya ratsa. Nan kuwa NPC ce ke da fada, ga ta da babban jigo kamar Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda ya riƙe ministan tsaro har rasuwarsa a 1965. Adawar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga ƙabilun da suka gaji da hakiman da ake turo musu daga Yola, su Kilba da Margi da Higi da Chamba da sauransu, kuma da yawansu sun fi karkata ga UMBC ta Joseph Tarka da abokiyar ƙawancenta Action Group. Alama mafi girma ita ce ƙuri'ar raba gardama ta 1959, lokacin da aka tambayi mutanen yankin amana na Arewacin Kamaru, su Mubi da Ganye, ko za su zauna cikin Jihar Arewa. Mafi yawansu suka ce a ɗage maganar tukuna. Sai da aka raba su da En'e ta Adamawa sannan a 1961 suka yarda da Nijeriya, aka yi musu Lardin Sardauna. Wannan tawaye ne na talakawa da takardar ƙuri'a, ko da yake ba da sunan NEPU aka yi shi ba.

To ina Bahaushen Jimeta ya tsaya a nan? Tsaka mai wuya. Ta wajen aljihu shi da manomin Numan jirgi ɗaya ya kwaso su, haraji ɗaya suke biya, ɗan doka ɗaya ke korarsu. Ta wajen salla da aure da zaman unguwa kuwa yana tare da mutanen fada. Duk ɗan siyasar da ya iya taɓa wannan jijiya ta biyu ya gama da mu, ba ya ma bukatar ya yi mana alkawarin famfo.

Sau ɗaya aka ga abin ya sauya sosai. Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Gongola a Fabrairun 1976, Yola ta zama babban birni, ma'aikata suka cika Jimeta. Da aka buga gangar siyasa, a zaɓen 1979, wanda shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kansa, sai NPN mai gida da masara ta rasa kujerar gwamna a nan. Alhaji Abubakar Barde na GNPP ya ci, da mataimakinsa Wilberforce Juta, Musulmi da Kirista. PRP ta Malam Aminu ba ta yi wani tasiri a Gongola ba, ƙarfinta na Kano da Kaduna. Jam'iyyar Alhaji Waziri Ibrahim ce, mai taken siyasa ba da gaba ba, ta zama inuwar da masu ƙin tsohon tsari suka fake a ƙarƙashinta. Ba mu ce GNPP jam'iyyar juyin-juya-hali ba ce, shi kansa Waziri hamshaƙin attajiri ne. Abin da ta iya shi ne haɗa mutumin Muri da na Mubi da na Numan da ɗan kasuwar gari a kan takarda ɗaya, kuma hakan ya isa.

Barde ya shiga sahun gwamnoni tara da ake kira 'yan ci-gaba: biyar na UPN, shi da Muhammadu Goni na Borno daga GNPP, sai Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna daga PRP, waɗanda suka soke haraji da jangali da hawansu. Suna taro jiha-jiha, suna ƙalubalantar gwamnatin Shagari a kan rabon arzikin ƙasa da ikon 'yan sanda. A wannan zamani ne aka yi wani abu da ya kamata kowane mazaunin gari irinmu ya riƙe shi a ka. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na GNPP a Majalisar Dokokin Borno, ta kai shi kan iyaka ta tura shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Mutumin da jama'a suka zaɓa! Ya kai ƙara, kotu ta ce ɗan Nijeriya ne, ya dawo gidansa. In har za a iya yi wa shugaban majalisa haka don ya dami masu mulki, ina ga mai shago a Jimeta wanda aka san kakansa daga Gumel ya zo? Tun daga ran nan ya kamata mu gane cewa kalmar baƙo makami ce, kuma ba a zaro ta sai ran da ƙuri'arka ta saɓa wa ta manya.

Abin takaici, tafiyar ba ta yi nisa ba. PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe a Yunin 1981, wata na gaba kuma aka kashe Dakta Bala Muhammad a tarzomar Kano. GNPP ita ma ta rabu tsakanin Waziri da gwamnoninsa. Aka yi yunƙurin haɗa babbar jam'iyya guda, hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi yi mata rajista, Awolowo da Azikiwe kuma kowa ya ce shi zai tsaya. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ana saura 'yan watanni zaɓe. Goni ya koma UPN, Barde ya sauka daga kujera kafin wa'adinsa ya cika, Juta ya ƙarasa. Ƙuri'ar da ta taru wuri guda a 1979 ta watse gida uku ko huɗu, Alhaji Bamanga Tukur na NPN ya shige ta tsakiya. An yi kukan maguɗi a ko'ina cikin ƙasa a 1983, kuma kukan na da dalili, amma ko ba maguɗi rabuwar nan kaɗai ta isa ta kayar da su. Shi ma Bamangan wata uku ya yi, soja suka karɓe ran 31 ga Disamba.

Wata biyu bayan haka, a ƙarshen Fabrairun 1984, rikicin 'yan Maitatsine ya ɓarke a Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki. Ɗaruruwan mutane suka halaka, kasuwa ta ƙone, dubbai suka rasa matsuguni. Ba za mu tsawaita a kan wannan ba, don har yanzu akwai gidajen da ba a son tuna shi. Abin da ya shafi batunmu shi ne bayan ƙura ta lafa, duk mai ɗan buhu a kafaɗa da ya sauka a tasha ya zama abin zargi, kuma manyanmu suka ƙara manne wa hukuma don neman kariya. Mutum mai tsoro ba ya siyasar adawa.

Janar Babangida ya zo da nasa salon, ya ƙera jam'iyyu biyu a 1989, ya gina musu ofisoshi, ya rubuta musu manufofi, SDP mai doki wai ta ɗan karkata hagu, NRC mai mikiya ta ɗan karkata dama. Ran 27 ga Agusta 1991 aka raba Gongola, aka sami Adamawa da Taraba. Tsoffin 'yan GNPP da UPN da PRP mafi yawansu suka hau doki, ga kuma mutanen Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da kuɗinsu da iya shirinsu. A lissafi SDP ce ya kamata ta ci Adamawa ba da gumi ba. Sai zaɓen fid da gwani tsakanin Alhaji Atiku Abubakar da Dakta Bala Takaya ya rikiɗe ya zama na wa ye namu, wa ye nasu, har masallaci da coci suka shigo ciki. Gwamnati ta hana su duka biyun takara, aka tsayar da Boss Mustapha a ƙurarren lokaci, magoya baya sun riga sun ɓata da juna. A Disamban 1991 Alhaji Abubakar Saleh Michika na NRC ya lashe. A Taraba kuwa, inda dokin bai karye ba, Rabaran Jolly Nyame na SDP ya ci.

Kada a manta kuma da yadda aka yi wannan zaɓe. Layi aka yi, kowa ya tsaya bayan hoton ɗan takararsa a fili, ana ƙirga kawuna. An yabi tsarin wai yana hana cushen ƙuri'a, kuma ta wani fannin haka ne. Amma a tambayi ɗan haya wanda mai gidansa ke tsaye a ɗaya layin yana kallonsa, ko mai rumfar da mai unguwa ya san fuskarsa. Ga mai gonar gado layi ba komai ba ne. Mu kuwa da muke zaune a kan yardar wasu, ƙuri'ar asiri ita ce 'yar garkuwar da muke da ita, shi ya sa NEPU ta dage a kanta tun farko.

Zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya ƙara fito da wannan bambanci. Abiola na SDP ya kayar da Alhaji Bashir Tofa a Kano, mahaifar Tofan, domin jikokin NEPU ba su dubi yare ba. A Adamawa Tofa ne ya yi rinjaye, ga raunin 1991 bai warke ba, ga kuma ɓacin ran da aka kwaso daga taron Jos, inda Atiku ya janye wa Abiola amma aka ɗauki Babagana Kingibe mataimaki. Ran 23 ga watan aka soke zaɓen baki ɗaya, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk suka tashi a tutar babu.

Daga 1999 zuwa nan labarin gajere ne, don aƙida ta yi ƙaura daga jam'iyyu. Atiku ya ci gwamna, ya bar wa Boni Haruna ya tafi mataimakin shugaban ƙasa. Murtala Nyako ya hau a 2007, majalisa ta tsige shi a 2014, Bindow Jibrilla ya ci a 2015 da tsintsiya, Ahmadu Fintiri ya karɓe a 2019 da lema. Mutum ya kwana a wannan jam'iyya ya wayi gari a waccan, ba wanda zai tambaye shi me ya sauya. Abin da bai sauya ba shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ta samo tushe daga tsarin rabon muƙamai na kundin 1979, aka kuma maimaita shi a na 1999. Yaro an haife shi a Alƙalawa, an haifi ubansa a Alƙalawa, amma ran neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya nemo takarda daga garin da bai taɓa kwana ba. A cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu a ƙarƙashin NCNC, abokiyar ƙawancen NEPU. Mu ji ɗan takarar da zai hau mumbari a Jimeta ya ce zai sa wanda ya zauna ya biya haraji shekara da shekaru ya zama ɗan gari a takarda. Masu neman ƙuri'armu sukan zo wajen shugabanninmu da dare, a yi alkawarin kujerar mai ba da shawara guda ɗaya da buhunan shinkafa, a watse.

Ko a 2023, da Sanata A'ishatu Ɗahiru Binani ta tsaya wa APC, har ana ganin za a sami mace ta farko da aka zaɓa gwamna a Nijeriya, muhawarar da aka yi a unguwanninmu ba ta kuɗin makaranta ko ruwan sha ko rumfunan kasuwa ba ce, ta tsaya ne a kan ko ya halatta mace ta yi mulki, da kuma wane ne ɗan wane. Ran 16 ga Afrilu kwamishinan zaɓe na jiha ya bayyana ta a matsayin wadda ta ci alhali ba a gama tattara sakamako ba, hukumar zaɓe ta ƙasa ta soke sanarwar nan take, bayan kwana biyu aka ce Fintiri ne ya ci, shari'a kuma ta tafi har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar masa da kujerar a Janairun 2024.