Tarihin Tsarin Fayilolin Manhaja da Laburarensu a Kwamfuta

Tsarin fayil ɗin manhaja shi ne ƙa'idar da babbar manhajar kwamfuta ke bi ta gane inda umarni ya fara, inda bayanai suke, da laburaren da za ta ɗauko kafin aiki ya tashi. Uku ne ke riƙe da kwamfutocin tebur a yau: PE a Windows, ELF a Linux da dangin BSD, sai Mach-O a macOS. An saba ba da tarihin kowanne shi kaɗai, alhali tambaya ɗaya ce ta fi wahalar da masu ƙera su: yaya manhajoji da yawa za su yi tarayya a laburare guda?

Unix ta 1971 tana da a.out. CP/M da DOS suna da COM, wanda bai wuce kilobayit 64 ba, sannan EXE na DOS, mai farawa da MZ, haruffan farko na sunan Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft. A 1983 AT&T ta fito da COFF, wanda ya kasa fayil sashe-sashe, kowanne da sunansa. Windows 1.0 ta 1985 ta zo da NE da laburaren DLL.

Daga 1988 zuwa 1996 ne aka yi aikin da ya fi nauyi. SunOS 4.0 ta kamfanin Sun ta nuna a 1988 cewa ana iya rubuta laburare ta yadda zai yi aiki a duk adireshin da aka sauke shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan dabara ce ta shiga ELF, wanda ya zo tare da System V Release 4. Majiyoyi sun saɓa kan shekararsa. Masu cewa 1988 suna nufin sanarwar wannan fitowa ta Unix, masu cewa 1989 suna nufin shigarta kasuwa, kuma su ne suka fi kusa da gaskiya, domin sai a lokacin tsarin ya isa hannun masu aiki da shi. Masu cewa 1995 kuwa sun ɗauki shekarar da kwamitin TIS ya buga kundin ƙa'ida na 1.2 ne, alhali tsarin ya daɗe yana aiki.

Darajar ELF ta fi fitowa a labarin Linux. A zamanin a.out, kowane laburare na Linux yana da ƙayyadadden adireshi, dole mai gina shi ya yi rajistar gurbinsa don kada biyu su yi karo. Ginin ma wahala ne, kuma ƙaramin gyara na iya karya manhajojin da suka dogara da shi. ELF ya ɗora wannan nauyi a kan mahaɗi mai aiki lokacin loda manhaja, wato ld.so, wanda ke cika teburin GOT da adireshin gaskiya. Ƙaurar ta zo da sauyin babban laburaren Linux daga libc 4 zuwa libc 5, kuma jama'a sun ɗau lokaci suna ajiye iri biyun a na'ura ɗaya. Slackware 3.0 ta koma ELF a 1995, Debian 1.1 a 1996, FreeBSD 3.0 a 1998. Duk da haka, sai a 2022 aka cire tallafin a.out daga Linux.

Microsoft ta bi wata hanya. PE ya fito da Windows NT 3.1 a 1993, an gina shi a kan COFF, kuma har yau yana ɗauke da guntun MZ a gabansa, wanda ke shaida wa mai DOS cewa manhajar ba ta aiki a nan. Kowane DLL yana da adireshin da ya fi so; in an riga shi, sai a gyara adireshoshin cikinsa yayin lodawa. UEFI, manhajar da ke tada kwamfuta, ita ma PE take amfani da shi.

Mach-O ya fito daga NeXTSTEP na kamfanin NeXT, ya shiga Apple bayan sayen NeXT, ya zama tsarin Mac OS X a 2001. Fayil ɗaya na iya ɗaukar umarnin furosesa iri biyu, abin da ya sauƙaƙa ƙaura zuwa Intel a 2006 da zuwa ARM a 2020.