Corvette L88 da takwarorinta: Yadda lambar inji ke raba motar miliyoyin daloli da ta jabu

A watan Janairun 2014, a wajen gwanjon kamfanin Barrett-Jackson da ke Scottsdale a jihar Arizona ta Amurka, an sayar da wata jar mota ƙirar Chevrolet Corvette ta shekarar 1967 a kan dala miliyan 3.85. Kamfanin Chevrolet ya ƙera Corvette 22,940 a waccan shekara, kuma a ido kusan duk kamarsu ɗaya. Abin da ya ɗaga darajar wannan shi ne injinta, wanda ake kira L88, domin motoci 20 kacal aka sanya wa irinsa a 1967.

Tazarar farashi tsakanin mota mai injin ainihi da mai kama da ita ta haifar da sana'o'i biyu a Amurka: ta masu tantancewa da ta masu algus. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane, kuma a wannan kasuwa 'yan haruffan da aka buga a jikin ƙarfe ne ke yanke hukunci.

Asalin motar

Kamfanin General Motors, uwar Chevrolet, ya fara ƙera Corvette a 1953 a garin Flint na jihar Michigan. Guda 300 aka yi a shekarar farko, dukkansu farare, da inji mai silinda shida mai ƙarfin doki 150. Daga nan aka mayar da aikin St. Louis a jihar Missouri, inda ya zauna har 1981 kafin a koma Bowling Green a jihar Kentucky.

Wanda ya mayar da motar ta tsere shi ne injiniya Zora Arkus-Duntov, haifaffen Beljiyam, wanda ya shiga kamfanin a 1953. A 1955 aka fara sanya mata inji mai silinda takwas. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, mai saye kan zauna da dillali ya zaɓi inji da giya da birki daga jeri, kowane da lambarsa da farashinsa. Wannan tsari ne ya sa motoci biyu da suka fito daga masana'anta a rana guda ke iya bambanta ƙwarai a yau.

Zaɓin inji a 1967

A wancan zamani Amurkawa na auna girman inji da inci murabba'i mai zurfi, shi ya sa ake kiran injinan da lambobi. Na 327 ya kai kimanin lita 5.4, na 427 kuma lita 7.

Wanda bai ƙara ko sisi ba yana samun 327 mai ƙarfin doki 300. Sama da shi akwai L79, shi ma 327 ne amma mai 350. Tsohon shugaban Amurka Joe Biden na da Corvette ta 1967 mai injin 327, kyautar aure daga mahaifinsa, wadda sunanta ya cika kafafen labarai a farkon 2023 sa'ad da aka sanar da samun takardun sirrin gwamnati a garejin da take.

A ɓangaren 427 akwai L36 mai 390, da L68 mai 400, da L71 mai 435 wanda ke da kafireto uku. An sayar da L71 guda 3,754. Akwai kuma L89, wato L71 da aka yi wa murfin silinda da alminiyam, wanda mutum 16 suka saya. Sai L88.

Injin da kamfani bai so a saya ba

A takarda, L88 na da ƙarfin doki 430, ƙasa da L71 da biyar, amma kuɗinsa dala 947.90 ne, fiye da ninki biyu na L71. Mai saye da bai san dawan garin ba zai ga babu hikima a biyan ƙari don samun ragi, kuma haka Chevrolet ya so. Masana sun ƙiyasta cewa ainihin ƙarfin injin ya haura 500.

Matsin silindarsa 12.5 ne a kan 1, kuma yana buƙatar fetur mai oktan 103, har da takardar gargaɗi a manne a cikin motar. Ba a haɗa shi da rediyo ko na'urar sanyaya iska, kuma a 1967 ko hita ba a sanyawa. Dole mai saye ya ɗauki giyar tsere ta M22, da birki na musamman, da ƙaƙƙarfan sifirin, abin da ke kai ƙarin kuɗin sama da dala 1,500 a kan motar da farashinta ya ɗan haura dala 4,200. A cunkoson gari injin kan yi zafi nan da nan.

Dalilin wannan rufa-rufa yana da alaƙa da siyasa. Bayan hatsarin tseren Le Mans na Faransa a 1955, wanda ya kashe mutum fiye da 80, ƙungiyar kamfanonin motocin Amurka ta amince a 1957 cewa mambobinta su janye daga tsere. A 1963 General Motors ya tsaurara wannan hani a cikin gida. A lokacin kamfanin na riƙe da kusan rabin kasuwar motocin ƙasar, kuma masu tarihi na danganta matakin da fargabar kada gwamnati ta raba shi a ƙarƙashin dokar hana babakere. Littafin Ralph Nader na 1965 kan rashin amincin motoci, da dokar kiyaye haɗura ta 1966, sun ƙara sa idon majalisa a kan masana'antar.

Sai dai hukumomin tsere ba sa amincewa da inji sai in kamfani na sayar da shi ga jama'a. Don haka aka sanya L88 a jerin zaɓi, aka kuma yi duk abin da zai kori wanda ba ɗan tsere ba. An yi 80 a 1968 da 116 a 1969, jimilla 216 a shekara uku.

Yawancinsu fili suka nufa. A Le Mans ta 1967, wadda Dick Guldstrand da Bob Bondurant suka tuƙa ta yi gudun sama da kilomita 270 a sa'a kafin injinta ya lalace a tsakiyar tseren. Irin wannan ƙaddara ta faɗa wa da yawa, shi ya sa L88 da har yanzu ke ɗauke da injin da ta fito da shi ta fi sauran tsada nesa ba kusa ba.

ZL1 da ƙofar baya

A 1969 aka fito da ZL1, wato L88 da aka zuba gangar jikinsa, wadda makanikai ke kira bulok, da alminiyam. Kuɗin injin ya kusa kai na motar kanta, kuma bayanan kamfani sun nuna Corvette biyu kawai aka sayar da shi. An sayar da ɗaya a gwanjon RM Sotheby's a Janairun 2023 a kan dala miliyan 3.14.

Injin ya kuma shiga Camaro ta ƙofar baya. Dokar cikin gida ta General Motors ta hana sanya injin da ya wuce 400 a ƙananan motoci, amma akwai tsarin odar musamman mai suna COPO da aka tanada don masu sayen motoci da yawa, irin su 'yan sanda da kamfanonin tasi. Dillali Fred Gibb na jihar Illinois ya bi ta nan ya yi odar Camaro 50 masu ZL1, kuma gaba ɗaya 69 aka ƙera.

Yadda ake tantancewa

Matsalar Corvette ta wancan zamani ita ce lambar shasi ba ta faɗin irin injin da motar ta fito da shi. Sai a 1972 Chevrolet ya fara sanya harafin inji a cikinta. Saboda haka masu tantancewa ke komawa ga jikin injin.

A gaban bulok, ta ɓangaren dama, akwai wani ɗan fili da aka goge. Layi biyu ake bugawa a kai. Na farko daga masana'antar inji yake: harafin masana'anta, misali T na Tonawanda a jihar New York inda ake haɗa manyan injina, sai wata da rana, sai haruffa biyu masu nuna irin injin. A 1967, IT na nufin L88, JE kuma L71. Layi na biyu a St. Louis ake buga shi, kuma shi ne ƙarshen lambar shasin motar da aka ɗora wa injin. In lambobin nan suka yi daidai, sai a ce mota mai lambobi ɗaya ce.

A jikin bulok kuma akwai lambar zubi da ranar da aka narka ƙarfen. Dole ranakun su bi juna: zubi, sannan haɗa inji, sannan haɗa mota, galibi cikin 'yan makonni ko watanni. Injin da aka zuba bayan ranar fitar motar ya tona asirin kansa.

Shaida ta uku ita ce ta fi wuyar kwaikwayo. Na'urar da ke goge saman bulok a masana'anta na barin siraran layuka masu tafiya daga gaba zuwa baya. Injin gogewa na gareji kan bar zane mai lanƙwasa. Masu bincike na duba waɗannan layuka da madubin ƙara girma, su kuma gwada surar haruffan da hotunan injinan da aka buga a mako guda, domin hatimin da ya ɗan karye ko ya karkace yana barin alama iri ɗaya a kan duk injin da ya taɓa.

Takardu

Daga 1967 ma'aikata kan manna takardar odar mota a saman tankin mai, kuma tana lissafa duk abin da aka sanya. Akwai kuma ɗan farantin ƙarfe na garanti mai suna Protect-O-Plate, da takardar farashi ta jikin gilashi, da rasidin dillali. Ƙungiyar NCRS da aka kafa a 1974 da taron Bloomington Gold suna da alƙalan da ke duba mota su ba ta maki. Abin da suke aunawa shi ne yadda motar ta dace da kamannin da ta fito da su daga masana'anta, don haka masu saye kan nemi takardu da jerin waɗanda suka mallake ta a kan lambar yabon.

Wasu kamfanonin sun fi sauƙi. A motocin Chrysler na ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, harafi na biyar na lambar shasi ne ke nuna inji, kuma a motocin 1970 da 1971 R na nufin 426 Hemi. Wata Plymouth Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen sama ta 1971 ta kai dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle a 2014. Bayanan Ford daga 1967 suna nan a ajiye, ana kuma samun su ta rahoton Marti. Cikakkun takardun Corvette na shekarun 1960 kuwa ba sa samuwa daga kamfanin, kuma ta wannan giɓi 'yan algus ke shiga.

Hanyoyin algus

Mafi yawa shi ne a samo bulok mai ranar zubi da ta dace, a goge filin lambar, a ƙirƙiro layukan, a buga sabbin haruffa. Ana kuma buga takardar tanki ta jabu a tsufar da ita. Wasu kan ciro farantin lambar shasi daga motar da ta ƙone ko ta ruɓe su ɗora a kan lafiyayyar bodi. Masu tara motoci na da barkwancin cewa Corvette ta 1967 mai ƙarfin doki 435 da ke yawo a yau ta fi wadda Chevrolet ya ƙera yawa.

Ba kowane rashin lamba ne zamba ba. Makaniki mai gaskiya kan goge saman bulok yayin gyara, lambar ta tafi. Injinan da kamfani ya riƙa sauyawa a ƙarƙashin garanti daga ƙarshen shekarun 1960 na ɗauke da haruffan CE. Laifin yana farawa ne sa'ad da mai sayarwa ya ɓoye abin da ya sani.

Darasin Cobra

Shelby Cobra, wadda Carroll Shelby ya haɗa daga bodin kamfanin AC na Ingila da injin Ford tsakanin 1962 da 1967, ta nuna cewa ruɗanin kan fito daga gida. Kusan dubu ɗaya aka ƙera, kuma ta farkon, CSX2000, ta kai dala miliyan 13.75 a 2016. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar da sunan 427 sun fito ne da injin 428, wanda ya fi araha kuma bai kai shi ƙarfi ba. A irin waɗannan, 428 ne injin ainihi.

A farkon shekarun 1990 Shelby ya fara sayar da wasu Cobra da ya ce an haɗa su a kan ragowar shasin 1965. Binciken jaridar Los Angeles Times a 1993 ya nuna cewa sabbin ƙira ne. Daga baya aka ci gaba da sayar da irinsu a fili a matsayin sabbi, da jerin lambobi daban.

Abin da doka ta ce

Dokar tarayyar Amurka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya cire ko ya sauya lambar shasi da gangan, ban da wasu keɓantattun yanayi na gyara. Jihohi ma na da nasu dokokin, kuma wani lokaci sukan faɗa kan marar laifi. 'Yan sandan hanya na jihar Kansas sun taɓa ƙwace Corvette ta 1959 daga wanda ya saye ta, saboda an taɓa cire farantin lambarta an mayar yayin gyara. Hukumomi ba su zarge shi da laifi ba, amma dokar jihar ta ɗauki motar a matsayin haramtaccen kaya da za a lalata. Sai da majalisar jihar ta gyara dokar a 2022 aka mayar masa da ita.

Ƙarshen zamanin

Dokar tsaftace iska ta 1970 ta sa General Motors ya rage matsin injinansa daga 1971 don su sha fetur marar dalma. Kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kan matasa masu manyan injina, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya zo. A 1974 aka yi Corvette ta ƙarshe mai babban inji, kuma ta 1975 ta fito da ƙarfin doki 165, duk da cewa hanyar aunawa ma ta sauya a 1972. A waɗannan shekaru tsofaffin motocin sun faɗi warwas a kasuwa, aka riƙa sauya musu inji ana zubar da takardunsu, ba tare da an san cewa su ne za su zama shaida ba bayan shekara arba'in.