Daga Ƙaho Zuwa Busasshiyar Allura a Ƙasar Yauri

Huda fata domin korar ciwo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Yauri, kuma a hannun wanzamai ta daɗe. Jama'ar bakin Neja mutanen aikin ƙarfi ne. Gungawa suna noman albasa a tsibirai, Sarkawa suna su, Kambarin Ngaski suna riƙe da fartanya, ga masu tuƙin kwalekwale da 'yan dako a kasuwar Yelwa. Ciwon baya da na kafaɗa abokan zamansu ne, maganin da aka gada kuwa shi ne ƙaho.

Wanzami yakan zo da zabirarsa, ya kafa ƙahon saniya a inda ke ciwo, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ƙofar. Idan fata ta taso sai ya cire, ya yi ƙananan tsage da 'yar tsaga, ya mayar da ƙahon ya ja abin da ake kira mataccen jini. An fi yin haka da bazara. Sakiya ta fi wannan tsanani: ƙarfe ake sa wa a wuta ya yi ja, a soka a kumburi domin mugunya ta fita. Masu kurkunu sun sha ta kafin a tabbatar Najeriya ta rabu da cutar a 2013. Wani abin lura shi ne, wutar da ke sa majinyaci ihu ita ce ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ƙarfen. Aska ba ta samun wannan gata, domin guda ɗaya takan zagaya mutane da yawa a wuni, tsumma kawai ake goge ta da shi.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. A shekarun da suka biyo baya allurar asibiti ta samu karɓuwa, har wasu ba sa yarda an yi musu magani sai an soke su. Masu allura marasa horo suka yawaita a kasuwannin ƙauye, sirinji ɗaya na yi wa jama'a hidima. Bayyanar ƙanjamau a Najeriya a 1986, da fahimtar yadda ciwon hanta ke bin jini, su suka sa aka fara neman sabuwar reza da sabuwar allura ga kowane mutum.

Busasshiyar allura baƙuwa ce a wannan jerin. An kira ta busasshiya saboda ba ta ɗauke da ruwan magani. Asalinta binciken Janet Travell ne, likitar Shugaba Kennedy na Amurka, a kan ƙullin da ke ɗaurewa cikin tsoka yana jefa zafi zuwa wani wuri. A 1979 Karel Lewit, likita a birnin Prague, ya nuna cewa sukar kanta na rage ciwon ko da ba a zuba komai ba. Daga nan masu gashin ƙashi suka ɗauke ta, suna amfani da siririyar allura irin ta Sinawa.

Illolinta na yau da kullum ƙanana ne: ɗigon jini, taruwar jini a ƙarƙashin fata, tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci jiri. Wani bincike da aka buga a 2014 kan masu gashin ƙashi na ƙasar Ireland ya sami irin waɗannan a kusan ɗaya cikin kowane zama biyar, babu mai tsanani ko guda. Babban haɗarin yana wajen zurfi. Ƙaho a fata yake tsayawa, ita kuwa allurar tana shiga tsoka, kuma idan ta zarce a ƙirji, ko saman baya, ko gindin wuya, tana iya huda huhu, iska ta taru, numfashi ya gagara. Ana kuma taka-tsantsan da masu shan maganin tsinka jini, da masu juna biyu, da wurin da ke da rauni.

A Najeriya, duk mai aikin gashin ƙashi dole ya yi rajista da hukumar MRTB, wadda dokar soja ta 1988 ta kafa. Wanzami kuwa gado ne lasisinsa, Sarkin Aska ne mai tsawata masa.