Malam Sa'adu Zungur: Waƙa da Jarida a Zamanin En'e

Duk wanda ya bi tarihin siyasar Nijeriya ta Arewa, tun daga yaƙin duniya na biyu har zuwa samun mulkin kai, lalle zai tarar da sunan Malam Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur a kan gaba. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai zama minista ba, bai kuma bar dukiya ba. Abin da ya riƙe shi ne alƙalami, ya kuwa yi aiki da shi ta fuska biyu: rubutu a jaridun da ba na gwamnati ba domin masu mulki su ji, da kuma waƙar Hausa domin talakawa su ji.

An haife shi a ƙasar Bauchi wajen shekarar 1915, a gidan malamai, ana kuma danganta shi da Zungur, wani gari na karkara da ke kusa da birnin Bauchi. Mahaifinsa limami ne, saboda haka tun yana yaro ya yi karatun Alƙur'ani, ya bi littattafan fiƙihu da nahawu da lugga. A nan ya san arulin Larabawa, watau ilmin awon baiti, wanda malaman jihadi irin su Abdullahi ɗan Fodiyo da Nana Asma'u suka yi amfani da shi wajen wa'azi da karantarwa. Daga baya aka sa shi a makarantar boko ta Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina, sa'an nan a 1934 ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Wannan haɗin ilmi biyu shi ya ba shi ƙarfin da ya gagari abokan jayayyarsa. In alƙali ya kawo masa nassi sai ya amsa masa da nassi, in kuwa Di'o ne ya kawo doka sai ya amsa masa da Turancin da babu gyara.

Aikin gwamnati ya fara kai shi Kano, a makarantar koyon aikin tsabta wadda ke horar da ma'aikatan duba-gari, daga nan aka mai da shi Zariya, ya koyar a makarantar koyon haɗa magunguna. A Zariya ya fara tara matasa 'yan boko suna tattauna al'amuran ƙasa, abin da hukuma ba ta saba gani ba a wancan lokaci. Ciwon huhu ya kama shi, ya tilasta masa barin aiki ya koma gida Bauchi, ciwon kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Domin a gane nauyin abin da ya yi, dole a dubi yadda labari ke tafiya a Arewa a wannan zamani. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Ta yi aiki babba wajen wayar da kai, amma da kuɗin hukuma ake buga ta, saboda haka akwai iyakar da ba ta iya ƙetarewa in magana ta zo kan sarakuna da En'e. A Ikko kuwa akwai West African Pilot, wadda Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, ba ta cin albashin kowa sai na masu sayenta. Malam Sa'adu ya zama mai aika wa wannan jarida labari da ra'ayi daga Bauchi. A ƙarƙashin mulkin da Turawa ke gudanarwa ta hannun sarakuna, kotu da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke. Mutumin da ya rubuta kukan talaka a jaridar Ikko, alhali yana kwana a garin da sarki ke da alƙali da dogari, ya san abin da ya taro wa kansa.

A Bauchi ya haɗu da Malam Aminu Kano, wanda ya zo koyarwa a makarantar Midil a 1942, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa na wannan makaranta. A 1943 aka kafa taron muhawara na Bauchi da yardar hukuma, inda ma'aikata da malaman makaranta da Turawa ke zama a tattauna. Da tambayoyi suka kai ga tsarin mulkin En'e da albashin sarakuna, sai aka rufe taron. Malam Aminu ya riƙa ɗaukar Malam Sa'adu a matsayin malaminsa na siyasa, shi ne ma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Hausa daga baya. A 1948 Malam Sa'adu ya tafi Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya kuma kasance cikin waɗanda suka tsaya wa Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta. Zaman Ikko bai yi masa daɗi ba, don ya ga yadda wasu 'yan siyasar Kudu ke raina Arewa. Bai daɗe ba ya komo gida, daga bisani ya bi NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950.

To, sai dai jaridar Turanci ba ta isa ga mutumin ƙauye. Manomin Zungur, ko na Kiru da Tudun Wada a kudancin Kano, ba ya karanta Turanci, galibi ma ba ya karanta boko. Abin da ke isa gare shi shi ne waƙa, domin ana kwafe ta da ajami, almajiri ya haddace, makaho ya rera a kasuwa, fatake su ɗauke ta zuwa wani gari, babu kuwa dogarin da ke iya kama ta a hanya. Malam Sa'adu ya gane haka sarai, sai ya ɗauki tsohon salon waƙar wa'azi ya zuba masa labarin zamani. A Waƙar Bidi'a ya soki al'adun da aka cusa cikin addini. A Maraba da Soja ya tari sojojin da suka komo daga yaƙin duniya na biyu, waɗanda da yawansu suka yi yaƙi a Bama.

Mafi shahara a cikinsu ita ce Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ya tsara a lokacin da ake muhawarar sabon tsarin mulkin Nijeriya. A cikinta ya jawo hankalin sarakunan Arewa ga abin da ya sami sarakunan Indiya, waɗanda ƙasashensu fiye da 500 suka narke cikin sabbin ƙasashe bayan 1947. Ra'ayinsa shi ne sarauta ta gyara kanta, ta bi shari'a da shawara kamar yadda ake yi a Ingila, ta rungumi ilmi, in ba haka ba zamani zai ture ta, wasu kuma su mallaki Arewa. Alhaji Mudi Sipikin na Kano ya mayar masa da martani da waƙar Arewa Jumhuriya Kawai. Ke nan muhawarar da a wata ƙasa za a yi a shafin jarida, a ƙasar Hausa da baitoci aka yi ta.

Allah ya yi masa rasuwa a 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai, saura shekara biyu a sami mulkin kai. Gargaɗinsa kuwa bai faɗi ƙasa banza ba. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, a 1979 kuma gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda a da hakimi da dagaci ke da wuƙa da nama, yau ƙananan hukumomi ne. Dandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa a littafi a 1974, an kuma sa sunansa a ɗakin taro na Gidan Mambayya a Kano da jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau.

Ɗalibi da ma'aikacin gwamnati na yau suna da abin lura a nan. Ikon da dagaci ya riƙe a kan talaka a jiya, yanzu yana kan teburin sakatare da ma'aji da jami'in gona, mutumin ƙauye kuwa har yanzu yana bukatar wanda zai kai kukansa sama, ya kuma kawo masa labarin abin da aka yanke a kansa cikin harshen da yake ji. Malam Sa'adu ya yi wannan aiki da rashin lafiya, ba albashi, ba kariya. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.