Akun Musa Da Danginsa Na Bakin Kogin Ganga

Yau dai ba labarin soyayya na zo maku da shi ba, sai ku yi mini haƙuri. Wata gardama ce da ta ɓarke a majalisarmu ta nan Unguwar Dosa, Kaduna, ta sa na ɗauki alƙalami. Muna zaune bayan sallar la'asar ana jiran shayi ya nuna, sai ga ɗan wani abokina ya dawo daga makaranta riƙe da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, bangon duk ya yage. Na karɓa ina jujjuyawa, sai bakina ya suɓuce na ce, "Kun san dai akun nan Ba'indiye ne?" Ai kuwa kamar na taɓo gidan rina. Wani ya ce in ji tsoron Allah, me ya haɗa Abubakar Imam da masu bautar saniya? Wani matashi kuma ya ce, "Baba, ko da gaskiya ne, ni ban ga amfanin Musulmi ya zauna yana tonon labarin gumaka ba."

Maganar matashin nan ce ta tsaya mini a rai, domin ba maganar banza ba ce. Sai dai na tuna masa cewa gumakan nan mun daɗe muna kallonsu, sunansu ne kawai ba mu sani ba. Tun wajajen shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya Arewa, Mother India na 1957 ya zama kamar ɗan gida, daga baya talabijin da bidiyo suka shigar da su har cikin ɗakin iyayenmu mata. Ina tuna ranar da muka kalli Karan Arjun, fim ɗin 1995, a ɗakin wani maƙwabcinmu. Da aka zo inda uwar yaran take kuka gaban wani baƙin gunki mai harshe a waje, tana roƙon a dawo mata da 'ya'yanta da aka kashe, sai tsohuwar gidan ta hau a'uziyya, ta ce a tura kaset ɗin gaba. Aka tura. Mun san Salman Khan, mun san Shah Rukh Khan, amma babu wanda ya san gunkin nan sunanta Kali, balle mu san cewa Karan da Arjun sunayen wasu 'yan'uwa ne biyu, uwa ɗaya, a cikin Mahabharata, wani ƙasaitaccen littafin waƙa mai baiti kusan 100,000. Mu komai "Bagwan" ne.

Haka Bahaushe yake yi da kayan Indiya, ya ɗauki ƙwaryar ya zubar da abin da ke ciki. 'Yan bandiri na Kano, irin su Ushaƙu Indiya, sun ɗauki karin waƙoƙin fim sun zuba yabon Manzon Allah (SAW) a ciki. To amma wannan ɗabi'a ta girmi silima nesa ba kusa ba, kuma ba mu muka fara ta ba.

Mu koma baya. A cikin harshen Sanskirit, wato harshen malaman Hindu na da, akwai wani littafi Panchatantra, wanda ake danganta shi ga wani tsohon malami Bishnu Sharma. An ce wani sarki ne yake da 'ya'ya uku daƙiƙai, malamin ya yi alkawarin zai koya masu dabarun mulki cikin wata shida, kuma da labarun dabbobi ya koyar da su. A ƙarni na 6, zamanin Kisra Anushirwan, wani likita mai suna Burzoye ya kai littafin Farisa ya fassara. Wajen shekarar 750 Ibn al-Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Dilolin nan biyu na cikin labarin, Karataka da Damanaka, su ne suka koma Kalila da Dimna, waɗanda duk ɗalibin Larabci a ƙasar nan ya san su.

Akun kuwa ta wata hanyar ya biyo. Akwai wani littafin na Sanskirit, Shukasaptati, ma'ana labarai saba'in na aku. Wani ɗan fatake ne ya yi tafiya ya bar matarsa Farabhabati, ita kuma kullum dare ya yi sai ta ci ado za ta fita wurin wani namiji, sai aku ya ɗauko mata labari, kafin ya ƙare gari ya waye. A 1330 wani Basufe mai suna Nakhshabi, mazaunin garin Badaun a Indiya, ya sake rubuta shi da Farisanci, ya mayar da darare 52, ya kira shi Tutinama. A nan ne matar ta fara neman izinin wata tsuntsuwa abokiyar zaman akun, tsuntsuwar ta gaya mata gaskiya tsirara, ita kuwa ta kashe ta nan take. Da aku ya ga haka, sai ya gane wa'azi kai tsaye ba zai fisshe shi ba.

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce yanzu ya fara murmushi. A 1936 Imam ya bar ajinsa na Midil ta Katsina ya je Zariya wurin Rupert East, aka jibge masa littattafai na Gabas da na Turai, ya rubuta littattafan nan uku da aka buga tsakanin 1937 da 1939. Masu nazarin adabin Hausa sun bi diddigin labarun, sun iske na Dare Dubu Da Ɗaya, da na Jamus, da na Panchatantra, da na wannan littafin aku. Gwanintar Imam ita ce sauyin da ya yi. Ya cire mace mai neman fita yawon dare, ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman mai neman bin sahun yaƙi alhali Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Sha'awa ta koma zafin ƙuruciya, gidan falke ya koma fada, akun da ya tsare mutuncin mace ya tsare gadon sarauta har ya zama waziri. Ni dai a wurina wannan bai rage wa Imam komai ba, sai ma ƙara masa daraja.

To me ke cikin ƙwaryar kafin a zubar? Nan ne na kawo wa matashin nan Abu Raihan al-Biruni. An haife shi a 973, ya shiga Indiya zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya zauna ya koyi Sanskirit, wajen 1030 ya kammala littafinsa a kan Indiya. Musulmi ne bai ɓoye ba, kuma ya bayyana cewa shi bayani ya zo yi, ba jayayya ba. Abin da ya gano shi ne malaman Hindu suna magana a kan abin bauta ɗaya maras farko maras ƙarshe, gumaka kuwa ya ɗauke su abin gama-garin mutane ne da ba sa iya riƙe ma'ana sai sun ga siffa. Su Hindu na yau da yawa ba za su yarda da wannan rabe-raben nasa ba, domin malamansu ma suna shiga ɗakin gunki. Amma ya kama wani abu na gaskiya. A ɗaya daga cikin littattafan da suke kira Upanishad, an tambayi wani malami Yajnabalkiya yawan alloli, ya ce 3,306. Aka sake tambaya ya ce 33. Aka yi ta matsa masa yana ragewa, shida, uku, biyu, ɗaya da rabi, har ya tsaya a ɗaya.

Wannan ɗayan suke kira Barahman, kuma ba su ba shi fuska ba. Sauran, a fahimtar da yawa daga cikinsu, fuskoki ne. Birahma na halitta, Bishnu na kiyayewa, Shiba na rushewa don a sake gini. Shiban nan shi ne wanda Amitabh Bachchan ya tsaya gabansa yana faɗa cikin fushi a Deewaar na 1975, lokacin da mahaifiyarsa take kwance rai a hannun Allah. Kali mai ban tsoron nan, sunanta yana da alaƙa da baƙi da kuma lokaci, wato zamanin da ke cinye kowa, amma masu bauta mata "uwa" suke ce mata. Ganesh mai kan giwa shi ne mai kawar da cikas, shi ya sa suke fara komai da shi. Sun ce Bishnu yana saukowa duniya cikin jiki idan zalunci ya yi yawa, Rama da Kirishna duk saukowarsa ce. A nan ne muka raba gari da su, rabuwar da babu kwaskwarima: mu Allah ba ya shiga jikin halitta, ba a sassaƙa Shi, kuma rai sau ɗaya yake zuwa duniya. Wani abin da fim ya ɓoye mana shi ne, sake haihuwar nan da muka yi wa tafi a Karan Arjun, su malamansu kurkuku suka ɗauke ta. Burinsu a daina dawowa.

Yanzu sai in zo kan wanda ya fi ɗaukar hankalina. Kalmar "shuka" a Sanskirit aku take nufi (ba shukar damina ba), kuma sunan ɗaya daga cikin manyan waliyyansu ke nan. Shuka ɗan Biyasa ne, Biyasan da suka ce shi ya tsara Mahabharata, Ganesh yana rubuta masa. Sun ce Shuka tun yana yaro bai ga abin so a duniya ba, ya bar gida ko tufa babu, uban yana bin sa yana kira. Suka biyo ta wani tafki inda mata ke wanka. Da saurayin ya wuce ba su ko motsa ba, amma da tsohon ya iso sai suka yi maza suka rufe jiki. Biyasa ya tambayi dalili, suka ce shi har yanzu idonsa yana bambance mace da namiji, ɗansa kuwa ya wuce nan. Ka ji yadda suke auna waliyyi: ba da furfura ko yawan littattafai ba.

A wancan zamani akwai Sarki Farikshit, jikan Arjun ɗin nan dai. Ya fita farauta ƙishirwa ta kama shi, ya iske wani malami ya yi nisa cikin halwa, ya roƙi ruwa bai tanka ba. Sarki ya fusata, ya ɗauki mushen maciji da bakin bakansa ya rataya wa malamin a wuya. Ɗan malamin da ya ji, sai ya yi masa baki: nan da kwana bakwai sarkin macizai Takshaka zai sare shi. A ruwayar littafin Bhagavata Purana, sarkin bai nemi tsari ba. Ya karɓi laifinsa, ya miƙa wa ɗansa mulki, ya tafi bakin kogin Ganga ya zauna yana azumi. Malamai suka taru. Sai ga Shuka ya ɓullo, ɗan shekara 16, yara na bin sa suna tsokana kamar mahaukaci, amma duk dattawan suka miƙe tsaye. Sarki ya yi masa tambaya ɗaya: me ya kamata wanda mutuwa ta tunkaro ya ji, ya tuna, ya aikata?

Amsar ita ce littafin, kashi 12, baiti wajen 18,000, kwana bakwai ana ba da labari. Mafi tsawo a ciki labarin Kirishna ne, yaron makiyaya mai satar man shanu da busa sarewa, wanda 'yan matan ruga ke barin gidajensu cikin dare idan sun ji busarsa. Mu a fim rawa da waƙa muka gani. Su kuwa masu sharhinsu suna cewa 'yan matan nan rayuka ne, sarewar kuma kiran Ubangiji, kusan yadda sufayenmu ke aron kalmomin bege da maye su nufi wani abu dabam.

Ba ina cewa littafin aku daga wannan ya fito ba, kowanne da hanyarsa. Ni ne dai na jera su na ga kama: ga mai ba da labari mai sunan aku, ga mai sauraro da halaka ke jiran sa a bakin ƙofa, ga darare ana ƙirgawa. Akun Farabhabati ya hana ta fita har mijinta ya dawo. Akun Musa ya hana shi fita har Sarki ya dawo. Shi kuwa Shuka bai hana komai ba, bai ƙara wa sarki ko yini ɗaya ba. Tsoron kawai ya cire masa.

Ran na bakwai Shuka ya tashi ya kama gabansa. Takshaka ya zo cikin shigar malami, a hanya ma ya haɗu da wani mai maganin dafi ya ba shi dukiya ya juya. Ya iske sarki zaune ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, ya sare shi, jikin ya kama da wuta ya zama toka. Ɗansa Janamejaya ya ɗauki fansa, ya sa aka hura wata wutar tsafi mai jawo macizan duniya suna faɗawa ciki, har sai da wani yaron malami Astika ya roƙe shi ya tsaya. A wurin wannan taro ne wani almajirin Biyasa ya zauna ya karanta wa sarki tarihin kakanninsa daga farko har ƙarshe, da yadda Arjun ya kashe Karan a fagen yaƙi bai san wansa ba ne.

Da na kai nan a majalisa, shayi ya riga ya huce. Matashin nan ya ce shi dai har yanzu yana nan kan bakansa, amma in ara masa Kalila wa Dimna idan ina da shi. Yaron kuwa ya karɓi littafinsa ya shige gida, don gobe suna da jarrabawar Hausa.