Fam 60 na Watan Satumba: Harajin Albashi Idan Aka Taɓa Shi a Tsakiyar Shekara

Mai karatu, in kana cikin masu cin albashi ka san wannan hali. Wata ya ƙare, ka karɓi takardar albashi, ka ga abin da aka cire na haraji ya bambanta da na watan jiya, alhali albashin bai motsa ba. Ka tambayi akawu, ya ce maka daga sama ne. A shirinmu na tarihi na makon jiya mun bi sawun wannan abu har Ingila, domin can aka ƙera tsarin da Najeriya da Gana suka gada, wanda ake kira PAYE, wato kana samu kana biya. Mu nan Nijar ma lanhon albashi, ITS, mai biyanka ne yake cire shi kafin kuɗin su iso hannunka, don haka zancen bai bar mu a baya ba.

Harajin kuɗin shiga tsoho ne a Ingila. William Pitt ya kafa shi a 1799 don yaƙi da Faransa, aka soke shi a 1816, Robert Peel ya dawo da shi a 1842. Kusan shekara ɗari bayan nan harajin masu hali ne, bai cika kaiwa ga lebura ba. Yaƙin duniya na biyu, yaƙin Hitila in ji kakanninmu, shi ya jawo talaka ciki. A 1941 haraji ya kai sule 10 cikin fam guda, rabi ke nan, masu biya kuma suka tashi daga ƙasa da miliyan 4 kafin yaƙi zuwa sama da miliyan 12.

To, ga inda gizo yake saƙa. Waɗannan sababbin masu biya mako-mako ake sallamarsu, a makon kuma suke cinyewa. Gwamnati kuwa tana lissafa harajin kan abin da mutum ya samu watanni da suka shuɗe, sannan a riƙa cirewa daga baya. Wanda ya kwana a masana'anta ya tara da yawa, cirewar tana iya riskarsa lokacin da aikin ya ja baya. Kamar dai a zo neman harajin kaka a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa.

Wani jami'in hukumar haraji, Paul Chambers, shi ake dangantawa da dabarar da ta warware wannan. Ministan kuɗi Kingsley Wood ya shirya zai sanar da ita a majalisa ranar 21 ga Satumba, 1943, sai mutuwa ta ɗauke shi a ranar. Magajinsa John Anderson ya ƙarasa aikin, tsarin ya fara a watan Afrilun 1944.

Ka natsu a nan, don sauran labarin duk ya rataya a kan wannan. Shekarar haraji a Ingila tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa. Kowane ma'aikaci ana ba shi lambar haraji, wadda take nuna kuɗin da zai samu a shekara ba a taɓa su ba. Wannan rangwame ana kasa shi kashi 12. Ranar biya, akawu ba watan kaɗai yake dubawa ba. Yana tara duk albashinka tun daga Afrilu, ya cire rangwamen watannin da suka gabata har da wannan, ya lissafa harajin abin da ya saura, sannan ya debe wanda ka riga ka biya. Abin da ya rage shi ne na wannan wata. Ka ga ashe kowace ranar biya ana sake awon shekarar ne tun daga farkonta. Saboda haka duk ranar da aka taɓa lambar nan, har watannin da ka riga ka cinye albashinsu ta shafa.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a 2008. A kasafinsa na ƙarshe yana ministan kuɗi, cikin Maris 2007, Gordon Brown ya rage babban haraji daga kashi 22 zuwa 20 cikin 100, aka yi ta tafi. Amma a kasafin nan dai ya soke ƙaramin mataki na kashi 10 da masu ƙaramin albashi suke morewa. Sai da dokar ta fara aiki a Afrilun 2008, Brown ya riga ya zama firaminista, sannan mutane suka ga zahiri a takardunsu: gidaje wajen miliyan 5.3 sun yi asara, yawancinsu marasa ƙarfi. Ƴan majalisar jam'iyyarsa ta Leba suka tayar masa da ƙayar baya, ga kuma zaɓen cike gurbi a mazaɓar Crewe da Nantwich yana tafe.

Ranar 13 ga Mayu ministan kuɗi Alistair Darling ya tashi a majalisa ya ƙara fam 600 a kan rangwamen, daga fam 5,435 zuwa 6,035, ya ce lissafin zai kama tun daga Afrilu. Lambar yawancin ma'aikata ta koma 603L daga 543L, aka umarci masu biyan albashi su fara aiki da ita daga 7 ga Satumba. Yi lissafin da kanka. Kashi 20 cikin 100 na fam 600 shi ne fam 120 a shekara, fam 10 kowane wata. Satumba wata na shida ne, don haka a albashin watan mutum ya ga ƙarin fam 60 a dunƙule, daga Oktoba zuwa Maris kuma fam goma-goma. Ba wanda ya cika fom, ba wanda ya bi layi a ofis. Injin 1944 ne ya yi aikinsa.

Ni dai a ganina gyaran na gaggawa ne irin na ɗinkin daren salla. Ya ci wa baitulmali fam biliyan 2.7, ya kai ga mutum miliyan 22, da yawansu ba su yi asarar komai ba tun farko, ga gidaje wajen miliyan 1.1 da ba a mayar musu da asararsu duka ba. Zaɓen cike gurbin ma Leba ta faɗi.

Kada ka manta wuƙar nan baki biyu gare ta. In rage lambar aka yi a wata na shida, bashin watanni shida zai faɗa kan albashi guda. Shi ya sa hukumar harajin Ingila takan ba da umarni a irin wannan hali a lissafa kowane wata shi kaɗai, ba waiwaye, saura a daidaita bayan shekara ta ƙare. Doka kuma ta hana a cire fiye da rabin albashin mutum a biya ɗaya.

Ga masu saurarenmu na zango-zangon Kumasi da Akara, ku ma kun ga irin naku, sai dai ta wata fuska. A Yulin 2018, wajen bitar kasafi ta tsakiyar shekara, ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya kawo sabon mataki na kashi 35 cikin 100 kan abin da ya haura sidi 10,000 a wata. Kafin nan ƙololuwa kashi 25 ne. Daga Agusta ya fara, bai koma Janairu ba. Wanda albashinsa mai haraji ya kai sidi 15,000, ƙarin kashi 10 ya hau kan sidi 5,000 na sama, wato sidi 500 a wata. Gaskiya ba kowa ne yake cin irin wannan albashi ba, amma waɗanda abin ya taɓa masu murya ne, ƙorafi ya yi yawa. Da Janairun 2019 ta kama, aka sauke matakin zuwa kashi 30, aka ɗaga bakinsa zuwa sidi 20,000. Mutumin namu mai sidi 15,000 ya koma inda yake, amma sidi 2,500 na watanni biyar ɗin nan sun riga sun shiga baitulmali.